BAYAN FAGE: Gidan Coakley, masu zana wa Holiwud duwatsu da sararin sama

A wannan watan filin namu zai bar maganar jarumai da mawaƙa, ya leƙa wajen wasu mutane da aikinsu ke cika allon kallo amma da wuya ka ga sunansu a ƙarshen fim. Su ne masu zanen labulen bayan fage, wato manyan yaduka da ake zana wa gari ko dutse ko teku, a rataya a bayan 'yan wasa, mai kallo ya rantse cewa a ainihin wurin aka yi ɗaukar. Akwai wani gida a Amurka da ya gaji wannan sana'a kaka da kakanni, kuma labarinsu ya shafe mu, musamman mu mutanen Haɗeja da kewaye.

Labarin ya faro ne da rasuwa. A shekarun 1930 wani mai zane, John Coakley, yana aiki a kamfanin MGM da ke Culver City a jihar Kalifoniya. A lokacin sai mai zane ya hau dogon dandamali kafin ya kai saman yadin, domin wani labulen ya fi bene tsawo. Wata rana Coakley ya faɗo daga can sama, ya mutu. Shugaban sashen zanen, George Gibson, mutumin Sikotilan, sai ya ɗauki ɗan mamacin, John Harold Coakley, ya koya masa aikin. Gibson ɗin nan shi ne ya tsara wa MGM ginin zane na musamman, inda ake ɗaura yadi a jikin wani ƙaton firam mai hawa da sauka ta wata tsaga a daɓen ɗakin. Mai zane yana tsaye a ƙasa, yadin ne ke zuwa ya same shi. Sashensa ne ya zana labulayen fim ɗin The Wizard of Oz na 1939.

Yaron ya ƙware har ya koma kamfanin 20th Century Fox. Da manyan kamfanoni suka fara shiga matsin kuɗi suna rufe sassan da ke cin albashi, sai shi da ɗansa John Gary Coakley suka kafa nasu kamfanin a 1962, suka sa masa suna J.C. Backings. Dabararsu mai sauƙi ce: maimakon a zana labule a yi fim ɗaya a jefar, su za su zana, su adana, su riƙa bayarwa haya. A shekarun 1970, lokacin da MGM ke sayar da kayanta, sai suka mallaki tarin labulayenta, suka kuma tare a cikin ginin nan da Gibson ya tsara. Ɗan da aka ɗauka saboda tausayin maraici ya dawo ya zama mai ɗakin. Daga baya shugabancin ya kai ga Lynne Coakley, tattaɓa-kunnen wanda ya faɗo daga dandamali.

To, ya ake yin abin har ya ruɗi ido? Sirrin farko shi ne kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta iya auna nisa kamar yadda idanunmu biyu ke yi. Saboda haka mai zane sai ya tambayi darakta inda kyamara za ta tsaya da tsayinta daga ƙasa, ya ja layin da sama ta haɗu da ƙasa daidai da wannan tsayin. Abin da ke nesa a yi shi ƙarami, launinsa ya koɗe ya yi shuɗi-shuɗi, kamar yadda kake hango bishiyoyin ƙetaren kogi da sassafe. Sannan a dasa abubuwa na gaske a gaban labulen, kamar shinge ko reshen bishiya ko taga, su ɓoye inda yadi ya taɓa ƙasa. A watsa masa haske bai-ɗaya don kada inuwar ɗan wasa ta faɗa a kan dutsen da ake cewa yana da nisan mil goma. Wani labulen ma aiki biyu yake yi: a shafe bayansa da fenti mai kauri a bar gurbin tagogi, in an haska ta gaba rana ce, in an kashe an haska ta baya sai ka ga gari cikin dare da fitilu.

Ga misali. A fim ɗin North by Northwest na 1959, darakta Alfred Hitchcock ya so a yi guje-guje a kan dutsen Rushmore, inda aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu. Hukuma ta hana a ɗauki faɗa a wurin. Sai aka koma sutudiyon MGM, aka zana dutsen a yadi mai faɗin kusan ƙafa 90. Miliyoyin mutane sun kalla ba su gane ba. Su kuwa masu zanen ba a cika rubuta sunansu ba, don kamfanoni ba sa son a san cewa akwai zane a ciki. Gwanintarsu ita ta ɓoye su.

Zamani ya zo da hotuna da ake bugawa a kan leda, ya zo da koren labule da kwamfuta, haya ta ragu wa tsofaffin zane-zane. A 2017 J.C. Backings ya tashi daga tsohon ginin MGM, kuma akwai labulaye 207 da ba za a iya tafiya da su ba. Saura ƙiris su tafi bola. Ƙungiyar masu tsara dandalin fim ta Amurka ta shiga tsakani, aka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki hotonsu, aka raba wa jami'o'i da gidajen tarihi, ciki har da Jami'ar Texas da ke Austin. A 2022 wani gidan adana zane a Boca Raton da ke Florida ya baje 22 daga irin waɗannan labulaye, har da na dutsen Rushmore, mutane suka biya kuɗi don su ga abin da a da ake ɓoyewa.

Masoya finafinan Indiya, ku ma akwai naku a ciki. Baburao Painter na garin Kolhapur, wanda aka haifa a 1890, da ɗan'uwansa Anandrao, da zanen labulen wasan daɓe suka yi suna, shi ya sa ma laƙabin sana'ar ya bi su. Daga nan Baburao ya kafa kamfanin fim na Maharashtra, ya fitar da Sairandhri a 1920, kuma a hannunsa babban darakta V. Shantaram ya koyi aiki. Ka ga buroshi ya haifi kyamara.

Yanzu mu dawo gida. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, industirinmu ta dogara ne da aron wuri: falon wani Alhaji, lambun otel, bakin dam. Shi ya sa kujera ɗaya za ka gan ta a finafinai biyar. Amma fa kowa ya san labulen zane, ko bai san sunansa ba. Duba tsohon albam ɗin gidanku, za ka ga yayanka ranar Sallah ya dafa kujera a shagon mai hoto, bayansa ga bene da furanni da jirgin sama, alhali shagon bai fi taku huɗu ba. Wani ne a cikin gari ya zana wannan. Shi ne dai mai rubuta allon shagon aski, mai ƙawata bayan gingimari, mai zana taswira a bangon firamare. Yau injin buga bana ya ƙwace masa yawancin cinikin, 'ya'yansa kuma sun ga babu riba sun kama wata hanya.

Alhali akwai aikin da ke jiran su. Wane ɗan Haɗeja ne ba ya son ganin fim a kan ranar 25 ga Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga sojojin Ingila har ya yi shahada? Ko a kan Sarki Buhari da ya gagari Sakkwato? Amma ina furodusa zai samu ganuwa da ƙofofi irin na wancan zamani, ba kwanon rufi, ba falwaya, ba eriyar waya? Gina su ya fi ƙarfin aljihunsa. Yadi da fenti da gwanin zane kuwa bai fi ƙarfinsa ba. A gina ƙofa ɗaya ta ƙasa, a zana sauran birnin a baya.

Haka fadamar kogin Haɗeja. Kyanta na lokaci ne. A Agusta da Satumba ruwa ya malale, wata shekarar har ya yanke hanyoyi, kamar yadda aka sha wahala a ambaliyar 2020 da ta 2022, ba mai kai 'yan wasa da janareta can. Da hunturu tsuntsayen Turai sun cika dajin Baturiya, amma hazo ya rufe nesa. Mai zane zai iya zama a bakin ruwa a Guri ko Kiri Kasamma ranar da gari ya yi garau, ya kwashe gonakin shinkafa da kwalekwale da goruba ya zuba a yadi, a yi aiki da shi shekara goma. Kuma wanda ke ɗari-ɗari da zane saboda addini ya lura: wannan aiki na ruwa ne da bishiya da gini da gajimare, ba dole sai an zana mai rai ba.

Gadon sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zuriyar Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun riƙe gini. Marinar Ƙofar Mata na nan a Kano. Abin da ya raya gidan Coakley abu uku ne: uba ya koya wa ɗa, an adana aikin da aka gama, an mayar da shi kayan haya.

Don haka ga roƙona. Furodusoshi, ku gwada ko da fitowa ɗaya ce, ku biya mai zane haƙƙinsa, ku rubuta sunansa a jerin ma'aikata kamar yadda kuke rubuta na mai kwalliya. Kai kuma matashi mai zane a bayan littafin makaranta, nemi tsohon mai fenti na unguwarku ka zauna a gabansa tun yana da ƙarfin riƙe buroshi. Wanda ke da tsohon labulen shagon hoto a ɗakin ajiya, don Allah kada a yi shimfiɗar shanyar tattasai da shi, a naɗe shi a ajiye inda gara da danshi ba za su kai ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.