Mutum-mutumin gwangwani: Wasa ne ko hanyar koyon kimiyya?

A kantunan sayar da kayan wasan yara na ƙasashen Turai da Amurka da Asiya, akwai wani ɗan kwali da ya daɗe yana samun kasuwa. Abin da ke cikinsa bai wuce ɗan inji mai juyawa, da 'yan wayoyi, da kusoshi, da ƙafafu da hannaye na roba, da kuma takardar bayani ba.

Gangar jikin kuwa babu ita a ciki. Yaro ne zai nemo gwangwanin lemon da aka shanye, ya wanke shi, ya harhaɗa sauran sassan a jikinsa, ya sa batir, sai ga mutum-mutumi yana tafiya da kansa.

Kamfanin 4M da ke Hong Kong na daga cikin waɗanda suka yi suna wajen sayar da irin wannan kaya. Masu tallata su na cewa jifa ɗaya ne ke kashe tsuntsu biyu, wato yaro ya koyi kimiyya, sannan kuma a rage shara.

Abin tambaya a nan shi ne, ko akwai ƙamshin gaskiya a wannan iƙirari, kuma wane darasi ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi za su ɗauka daga ciki?

Asalin tunanin

Tunanin cewa yaro ya fi fahimtar abin da ya ƙera da hannunsa a kan abin da aka karanta masa, ya samu gindin zama ne ta hannun Seymour Papert, wani masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya koyar a jami'ar MIT ta Amurka.

A shekara ta 1980 ya wallafa littafinsa mai suna Mindstorms, kuma wannan suna ne kamfanin Lego na ƙasar Denmark ya ara, lokacin da ya fito da kayan harhaɗa mutum-mutumi na yara a 1998.

Kayan sun shiga makarantu a ƙasashe da dama, sai dai tsadarsu ta zama babban tarnaƙi. Samfurin da aka fitar a 2013 an riƙa sayar da shi ne kusan dala 350, kuɗin da ya fi ƙarfin akasarin makarantun gwamnati a Afirka. A ƙarshen 2022 kamfanin ya daina yin kayan da ke ɗauke da wannan suna.

Wannan tsada ce ta sa a 2012 wasu malaman jami'a biyu, Ayorkor Korsah ta jami'ar Ashesi da ke Ghana, da Ken Goldberg na jami'ar California da ke Berkeley, suka shirya wata gasa. Sun ƙalubalanci masana daga ko'ina a duniya da su ƙera mutum-mutumin koyarwa, wanda kuɗinsa zai tsaya a wajen dala 10.

Wanda ya fi jan hankali cikin waɗanda suka yi nasara shi ne Thomas Tilley, wani malami da ke koyarwa a ƙasar Thailand a lokacin. Ya ɗauki abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasan bidiyo, ya sa masa tayoyi, ya kuma kafa alewa mai tsinke guda biyu a samansa, ta yadda idan ya yi karo da wani abu, alewar za ta girgiza, kwamfuta ta gane. Duka-duka kuɗinsa bai cika dala 9 ba.

A Indiya ma, injiniya Arvind Gupta ya shafe shekaru yana nuna wa yara yadda za su haɗa inji mai juyawa da batir guda, da maganaɗisu, da 'yar wayar tagulla. A 2018 gwamnatin ƙasar ta ba shi lambar girma ta Padma Shri.

Ba baƙon abu ba ne

Ga duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi, ƙera abin wasa da kayan bola ba labari ba ne. Yara sun daɗe suna yin motar kara, da motar waya, da ta gwangwanin madara, suna yanka tsofaffin silifas ko su huda marfin kwalba su yi tayoyi.

Wasu ma sun wuce nan. A 2007 kafofin yaɗa labarai na duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen tsofaffin motoci da babura.

A Malawi, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14 ya ƙera fankar da ke samar da lantarki daga iska, da sassan keke da wasu tarkace, bayan da yunwa da rashin kuɗin makaranta suka tilasta masa barin karatu. A Saliyo kuma, Kelvin Doe ya haɗa batir da janareta da ƙaramar tashar rediyo daga kayan da yake tsintowa a bolar Freetown, abin da ya sa jami'ar MIT ta gayyace shi a 2012.

Akwai abin lura a labarin Kamkwamba. Tarkacen da ya yi amfani da su suna nan yashe a ƙauyensu, kowa na ganinsu. Abin da ya bambanta shi da sauran yara shi ne littattafan kimiyya da ya samu a wani ƙaramin ɗakin karatu.

Ke nan gwangwani ba shi ne abin da yaran Afirka suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne ɗan injin nan, da batir, da kuma wanda zai yi musu bayanin dalilin da ya sa inji ke sauya alƙiblar juyawa idan an juya kan batir, ko kuma yadda juyawa ke rikiɗewa ta koma tafiya.

Batun muhalli

Iƙirarin rage shara kuwa yana buƙatar a yi taka-tsantsan da shi.

Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa, a shekara ta 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya kamata. A nahiyar Afirka adadin bai kai kashi 1 cikin ɗari ba.

Su kansu kayan wasan yara masu amfani da batir suna cikin matsalar. Wasu alƙaluma da aka fitar a 2023 sun ƙiyasta cewa ana zubar da irinsu sama da biliyan 7 a kowace shekara.

Saboda haka kwalin da ya ceci gwangwani guda daga bola, amma ya zo da sabuwar roba da inji da batir daga masana'anta, ba a ce ya rage shara ba. Bugu da ƙari, gwangwanin lemo na daga cikin abubuwan da suka fi sauƙin narkarwa a sake amfani da su, kamar yadda 'yan gwangwan da maƙeran tukwane suka daɗe da sani.

Idan akwai amfanin da muhalli zai samu, to a tunanin yaron yake, wato ya tashi da sanin cewa abin da ya lalace ana iya kwance shi a gyara, ko a mayar da shi wani abu dabam.

Haɗarin da ke ciki

Wasu na ganin mafita ita ce a bar yara su riƙa ciro injuna da wayoyi daga matattun rediyo da kwamfutoci, tun da kyauta ne. To amma a nan ne gizo ke saƙa.

Tsofaffin kayan lantarki na ƙunshe da dalma da wasu sinadarai masu guba. A wani rahoto na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa lafiyar miliyoyin yara na cikin haɗari sakamakon aiki ko zama a wuraren da ake farfasawa da ƙona irin waɗannan kaya. Hukumar ta ce babu wani adadi na dalma a jikin yaro da za a ce ba shi da illa.

Jama'ar arewacin Najeriya sun san ɓarnar wannan guba. A 2010 yara kimanin 400 ne suka rasu a jihar Zamfara, sanadiyyar dalmar da ke cikin duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje.

Akwai kuma ƙananan batura masu kama da maɓalli, waɗanda idan yaro ya haɗiye suna iya ƙona masa maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. Wannan ne ya sa Amurka ta kafa doka a 2022, wadda ta tsaurara ƙa'idojin yadda za a rufe mazaunin irin waɗannan batura.

Kwali da gwangwani da kara da marfin kwalba ba su da wannan matsala. Kwance kayan lantarki kuwa aikin manya ne waɗanda suka san abin da suke yi.

Damuwar iyaye

Wata tambayar da kan taso a tsakanin iyaye Musulmi ita ce ta halaccin surantawa, musamman ganin cewa kalmar mutum-mutumi kan sa a tuna da gunki.

Sai dai akasarin irin waɗannan na'urori ba su da siffar mutum ko dabba, sun fi kama da amalanke mai inji. Haka nan malamai da dama sun keɓe kayan wasan yara daga hanin, suna kafa hujja da ruwayar da ta nuna cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yar tsana.

Tarihi ma ya nuna cewa Musulmi ba 'yan kallo ba ne a wannan fage. A ƙarni na 9 'yan uwan nan uku da ake kira Banu Musa sun rubuta littafi a Bagadaza a kan na'urori kusan 100. A 1206 kuma Isma'il al-Jazari ya kammala nasa littafin, inda ya bayyana yadda ake ƙera agogunan ruwa da na'urori masu motsi da kansu.

Ina aka dosa?

A 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta bayyana sabon tsarin karatu, wanda ya shigar da darussan fasahar zamani, ciki har da ilimin ƙera mutum-mutumi a matakin sakandare.

Rubuta darasi a takarda abu ne mai sauƙi. Aiwatar da shi a makarantar da babu wutar lantarki, ajin ya cika maƙil, malamin kuma bai taɓa haɗa waya da batir ba, shi ne jan aikin. Wannan kuwa ban da miliyoyin yaran da ba sa zuwa makarantar ma, waɗanda asusun UNICEF ya sha cewa akasarinsu a arewacin ƙasar suke.

Idan hukumomi suka zaɓi sayo kaya masu tsada daga ƙetare, ga dukkan alamu makarantu kaɗan ne za su samu, kuma da zarar wani sashe ya lalace sai a kulle sauran a ofishin shugaban makaranta.

Idan kuwa aka horas da malamai, aka raba musu ƙananan injuna da wayoyi da batura masu aminci, tare da littafin bayani cikin harshen da yara ke ji, to kuɗin da zai sayi kwali guda na Turai zai wadatar da aji sukutum. Gwangwani da kara da basirar harhaɗa su kuwa, yaran ne za su zo da su daga gida.