Taga ɗaya ta ishi ɗalibin Kafin Hausa

Lokacin rajista a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutse, hidima ce da ke gudana a kan allon waya da kwamfutocin shagunan intanet. Ɗalibi zai cike fom, ya duba jerin darussa, ya biya kuɗi, ya buga takardar shaida. A kowane mataki akwai mahaɗi, wato rubutun nan mai launin shuɗi da ake latsawa a tafi wani shafi. Wanda ya gina shafin ya riga ya yanke wa ɗalibin wani hukunci da bai sani ba: ko mahaɗin ya buɗe a inda yake, ko ya buɗe masa sabuwar taga. Umarnin gajere ne, target="_blank", amma ɗalibi ne ke ɗaukar nauyinsa.

Masu son sabuwar taga suna da hujja guda da suka fi riƙewa: kada baƙo ya bar shafinsu ya manta hanyar dawowa. Wannan damuwar mai shafi ce, ba ta mai karatu ba. Tun a 1999 Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da shafuka ɗan asalin Denmark, ya sanya wannan ɗabi'a cikin manyan kurakurai goma na ginin shafi a shekarar. Ya kwatanta ta da mai tallar injin shara da ya fara da zuba toka a kan dardumar mai gida. Dalilinsa a fili yake. Maɓallin komawa baya shi ne igiyar da kowa ya iya riƙewa, har wanda jiya ya fara taɓa kwamfuta. A sabuwar taga maɓallin nan mutuwa yake yi, domin babu bayan da za a koma. Wanda bai lura an sauya masa taga ba sai ya ɗauka aikinsa ya salwanta, ya sake farawa, alhali shagon na ƙirga masa mintoci.

A waya lamarin ya ɗan bambanta, kuma nan ne ya fi shafar Jigawa. Burauzar Chrome ta kan mayar da mutum shafin farko idan ya danna baya, to amma tagogin ba a jere suke a gabansa ba. Suna ɓoye bayan wani ɗan akwati mai lamba a saman allo, suna taruwa ba a sani ba, har idan sun kai ɗari lambar ta koma alamar murmushi, kamar manhajar ma dariya take yi. Wayar da ƙwaƙwalwarta ƙarama ce ba ta iya riƙe su duka. Sai ta saki tagar da ke baya domin ta samu sarari, in aka koma gare ta ta sake lodawa daga farko. Data ta tafi sau biyu, wani lokaci da abin da aka rubuta a fom. Ke nan dabarar da aka ce ta kare aikin ɗalibi tana iya zama ita ce ajalinsa.

Ga makaho mai dogaro da manhajar da ke karanta masa allo, sabuwar taga ba sanarwa tamkar a ɗauke mutum daga ɗaki zuwa wani ne ba a gaya masa ba. Shi ya sa hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta ba da shawara biyu: kada a buɗe sabuwar taga sai da larura, in kuwa za a buɗe a faɗa tun kafin a latsa. Shafukan gwamnatin Birtaniya haka suke bi, suna rubuta gargaɗin a jikin mahaɗin.

Akwai kuma batun tsaro. A da, shafin da aka buɗe ta wannan hanya yana iya juyowa ya musanya shafin farko da na bogi mai neman lambar sirri. Chrome ta toshe ƙofar a fitowarta ta 88, cikin Janairun 2021, amma wayar da ba a sabunta burauzarta ba tana nan a jiya.

Larurar fa gaskiya ce, ba a musanta ta. Ɗalibar da ta kai rabin fom, take son duba sharuɗɗan biyan kuɗi ko ma'anar wata lambar darasi, bai kamata a fizge ta daga inda take ba. Haka wanda ke bin umarni mataki-mataki yana kwafo lambar RRR ta Remita, yana bukatar shafuka biyu a buɗe. A irin nan sabuwar taga daidai ce, muddin an rubuta cewa za ta buɗe. Duk da haka maganin asali shi ne fom ɗin ya riƙa adana abin da aka shigar, ta yadda ɗaukewar wuta ko yankewar sabis ba za su share shi ba.

A sauran wurare, labari ne ko sanarwa ko jadawalin jarrabawa, mahaɗi ya buɗe a inda yake. Mai son sabuwar taga yana da hanyarsa: ya danne mahaɗin na ɗan lokaci a waya, ko ya riƙe Ctrl a kwamfuta ya latsa. Wanda aka tilasta wa sabuwar taga kuwa ba shi da maɓallin da zai danna ya ƙi.