Sarki da Turancin fada, dodo da Turancin tasha: wa ya raba muryoyin wasan bidiyo?

Na san akwai masu cewa mi ya kai mu zancen wasan bidiyo, abin yara. Ku yi haƙuri ku biyo ni, don abin da nake so mu duba ya wuce danna manet a gidan Play. Ina magana ne kan wasannin almara, irin waɗanda ake ƙirƙiro duniya sukutum da sarakunanta, matsafa, wadanni masu gatari da dodanni. A cikin irin wagga duniya babu Ingila, babu Amurka, babu Faransa. Amma mutanen cikinta na buɗe baki sai ka ji kowa da lafazin wani gari na gaske. Wani ne ya zauna ya yi rabon: wane kai za ka yi magana kamar ɗan sarki, wane kai kuma kamar ɗan tasha. Rabon nan ne ya dame ni, don kusan kullum gefe guda yake karkata.

Mu ɗauki The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan ya fitar a 2015 bisa littattafan Andrzej Sapkowski. Wanda ya buga shi da muryoyin Turanci ya san kunne kaɗai ya isa ya gaya maka inda kake. Ƙauyawan Velen da yaƙi ya ɗaiɗaita suna magana da Turancin karkarar Ingila. Mayaƙan tsibiran Skellige lafazin Ailan gare su. Wadanni irin su Zoltan, na Sikotilan. Babban sarkin Nilfgaard, Emhyr, Charles Dance ne ya ara masa murya, da Turancin nan na fada da ake ji a bakin manyan Landan. Shi kuwa jarumin, Geralt, Doug Cockle ya yi shi da lafazin Amurka, shi ya sa duk garin da ya shiga sai ka ji baƙo ne, kuma haka labarin yake so, tunda maharbin dodanni ba shi da garin kansa. Gaskiya aikin ya yi kyau. Duniyar ta yi faɗi ba tare da an tsaya yi maka dogon bayani ba, kamar yadda in ka shiga tashar mota a Yamai, tun kafin ka tambayi mutum ka san wanga Ba'adare ne, wancan daga Damagaram ya taso.

To amma in ka buga wasa biyar, goma, sai ka fara ganin wani zane yana maimaita kansa. Sarki, babban matsafi, da mutanen nan masu dogon kunne da ake nunawa a matsayin masu hikima da tsafta, duk Turancin masu kuɗin kudancin Ingila ake ba su, wanda ko a Birtaniyar ƴan tsiraru ne ke yin shi. Dodon da ake kashewa ɗari-ɗari kuwa, sai a ba shi Turancin leburorin gabashin Landan. Haka aka yi wa dodannin finafinan The Lord of the Rings tsakanin 2001 da 2003, haka kuma za ka ji daga bakin ƙananan dodannin Baldur's Gate 3 na 2023, wasan da ya ɗauki masu murya kusan 250 kuma ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara. Wada kuwa, mashayin giya mai saurin fushi, sai lafazin Sikotilan, har mutane suna zaton haka yake tun asali, alhali Tolkien da ya shahara da su da harsunan Semitik irin su Ibrananci ya kwatanta yarensu.

Mafi muni a ganina shi ne World of Warcraft. Tun 2004 wasan ya ɗauki wata ƙabilar dodanni masu haure, masu tsafi, waɗanda labarin ya danganta wasunsu da cin naman mutane, ya liƙa musu lafazin Jamaika. Da aka buɗe daular Zandalar a 2018, ƴan uwansu na can sai aka ba su wani abu da ake kira lafazin Afirka. Wace Afirka? Bakano da ɗan Nairobi da ɗan Soweto, in suna Turanci, ko kurma ya san ba ɗaya suke ba. An dai kwaɓa duka a tukunya guda, an zuba wa halitta mai haure.

Abin bai tsaya ga zato ba. Wata masaniyar harshe a Amurka, Rosina Lippi-Green, ta zauna ta ƙirga mutane 371 a finafinan zane 24 na Disney, ta buga sakamakon a 1997. Cikin masu magana da Turancin Amurka, kusan kashi 20 cikin ɗari ne mugaye. Cikin masu lafazin baƙi kuwa, kusan kashi 40. Finafinan yara ta duba, amma masu yin wasannin yau da irin finafinan nan suka tashi.

Akwai hujjar da masu kare abin suke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa a wasa mai ɗaruruwan mutane, wani sau ɗaya zai yi magana ka wuce shi, to dole a nemi gajeriyar hanya da za ta sa ka gane ko wane iri ne cikin daƙiƙa uku. Na yarda da buƙatar. Sai dai gajeriyar hanyar tana aiki ne don tun farko akwai raini a kunnen mai saurare, shi mai wasan ya hau kansa kawai ya ƙara masa ƙarfi. Fim awa biyu ne ka tashi. Irin waɗannan wasanni mutum yakan yi awa ɗari a ciki, kuma da hannunsa yake saran mai lafazin talaka, da ƙafarsa yake zuwa gaishe da mai lafazin fada. Shi ya sa ban gamsu da masu cewa a dai ƙara yawan lafuzza ba. World of Warcraft ai cike yake da su. Abin tambaya shi ne kujerar da aka zaunar da kowane.

Kuma an ga masu yin abin da kyau. A cikin Witcher 3 ɗin nan akwai wani shugaban ƴan ta-kife da ake kira Bloody Baron. An ba shi lafazin Bamingam, wanda a Ingila yana cikin waɗanda aka fi yi wa ba'a, ana ganin mai shi kamar ba shi da wayo. Amma shi aka ɗora wa labarin da ya fi kowane nauyi a wasan: tsohon soja, mashayi, mai dukan matarsa, wanda iyalinsa suka gudu suka bar shi, yana neman gafarar da shi kansa ya san bai cancanta ba. Kana jin haushinsa, kana jin tausayinsa, har ka rasa yadda za ka yi da shi. Babu inda lafazin ya zama abin dariya. Mutum ne kawai da ya fito daga wani wuri, yana magana kamar mutanen wurin. Da an ba shi Turancin fada, da rabin zafin labarin ya tafi.

Kamfanin BioWare na Kanada, a Dragon Age: Origins na 2009, ya ƙi bin yayi, ya ba wadanninsa lafazin Amurka. Ƴan Japan sun ma fi ba ni mamaki. A Elden Ring na 2022, gimbiya Ranni, wadda ɗaya daga cikin ƙarshen labarin gaba ɗaya yake hannunta, da lafazin Wales take magana, kuma Aimee-Ffion Edwards da ta yi muryar ƴar can ce. Sunan dogarinta, Blaidd, kerkeci yake nufi a yaren Wales. A Xenoblade Chronicles 2 na 2017 akwai Nia, yarinya mai tsiwa da lafazin Wales, wadda a wasa na uku ta zama sarauniya ba tare da an wanke mata baki ba. A Final Fantasy XVI na 2023, Cid, jagoran masu ƴanta bayi, Ralph Ineson ya yi shi da muryarsa ta arewacin Ingila. Wasannin nan duk sun sayu, babu wanda ya mayar da nasa kanti don sarauniya ta yi maganar ƙauye.

Misalin da ya fi tona asirin abin shi ne Ni no Kuni. Akwai wani ɗan aljani mai barkwanci da ke rakiyar jarumin. A Japananci da karin harshen Osaka yake magana, don a Japan mutanen Osaka ne aka sani da wasan ban dariya. Da aka zo fassara shi Turanci sai aka ba shi lafazin Wales. Wato mai fassara ya duba tsanin ƙasarsa, ya nemo waɗanda suke kan matakin da ya yi daidai da na Osaka. Mutane sun so ɗan aljanin ƙwarai, ni ma haka. Amma ka ga yadda aikin yake: kowace ƙasa da tsaninta, mai ɗora murya kuma shi ke zaɓar ko ya bi tsanin ko ya karkace shi.

Mu nan yawancinmu da Faransanci muke bugawa, kuma a nan abin ya ɗauki wata kama. Elden Ring da Baldur's Gate 3 muryoyin Turanci kaɗai gare su, Faransancin rubutu ne a ƙasan allo, don haka duk wannan rabo yana wuce mu ba mu sani ba. Inda kuma aka ɗora muryar Faransanci, galibi kowa da bakin Paris yake magana, sarki da manomi, sai in ana son a yi dariya a jawo lafazin kudu ko na baƙar fata. Su kansu Faransawa sun san ciwon. Masanin harshe Philippe Blanchet ya yi littafi a kai a 2016, kuma a Nuwamban 2020 majalisar dokokinsu ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin hukunta wariya saboda lafazi, a shekarar da aka yi ta tsokanar firaministansu Jean Castex kan maganarsa ta kudu maso yamma. Duk wanda ya zauna ajin lakwal a ƙasar nan ya san yadda ake kwashewa da dariya in yaro ya furta kalmar Faransanci da bakin Hausa ko na Zabarma.

Harsunan Afirka sun fara shiga wasannin da ƙafarsu. A 2024 Abubakar Salim, ɗan Birtaniya mai asali da Kenya wanda ya yi muryar Bayek a Assassin's Creed Origins, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau don tunawa da mahaifinsa, kuma ana iya buga shi da muryoyin Swahili. Hausa ma ta leƙa, ko da yake ta ƙofar wasannin tarihi: Age of Empires III ya ƙara Hausawa a 2021, Civilization VII na 2025 kuma ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanninsa tana magana da Hausa. Saboda haka ranar da za a ɗora wa babban wasan almara muryar Hausa ba ta da nisa kamar yadda muke zato.

Ranar nan ce nake jin tsoro, don mu ma muna da namu tsanin, kuma mun san shi sarai. Ku tuna finafinan Kano da fassarar Indiya-Hausa da muke kallo a waya. Jarumi da budurwarsa Kananci suke yi tsaf. Wa ake ba Sakkwatanci? Wa ake sa ya ce lahiya, hwaɗi, biyat, mi kaka so? Mai gadi, bagidaje, ko wanda aka kawo don a yi dariya. In an ƙara gishiri sai a kwaikwayi Hausar Buzu, ta Bafillace ko ta Bagware. Wallahi mu ma muna dariyar, alhali bakin iyayenmu ne na Tawa da Ƙonni da Tibiri ake wasa da shi. Har ta kai yaro ɗan Maraɗi in zai naɗi bidiyo ya sa a TikTok sai ya gyara zama ya ari bakin Kano, don kar a ce masa ɗan ƙauye. Ba ni da faɗa da Kananci, shi aka ɗauka aka gina daidaitacciyar Hausa a kai, kuma ya yi mana amfani a rubutu da rediyo. Amma tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ya kamata mu riƙa tambaya wace Hausa za a ji a bakin manya, wace kuma za a bar wa wawan sarki.

Ga kuma na'ura ta shigo zancen. Masu ɗora murya a wasannin bidiyo na Amurka sun shiga yajin aiki a watan Yulin 2024, suka yi kusan shekara guda, babban dalilinsu shi ne tsoron a kwafi muryoyinsu da ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin da zai fassara wasa zuwa Hausa da wuya ya zo har Tasawa neman masu murya, na'ura zai ba aikin don ta fi arha. Ita kuwa na'ura abin da aka fi naɗa take koyo, kuma Hausar da ta cika intanet ta gidajen rediyo ce da ta finafinan Kano. Gobiranci, Adaranci, Arewanci da Damagaranci, in ba a naɗe su da yawa an ajiye ba, ko kujerar dodo ba za su samu ba.

Muna da matasa a Yamai da Maraɗi da Damagaram masu koyon haɗa wasa da zane mai motsi, kuma Kamaru ta riga ta nuna ana iyawa, tun da Kiro'o Games na Yawunde suka fitar da Aurion a 2016. In ɗayanku ya tashi yin wasa kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, labarin da ke cike da tsafi da kibau da duk abin da wasan almara ke buƙata, zai zo daidai wurin da masu Witcher suka zo: da wane baki za ta ba mayaƙanta umarni? Lugu a ƙasar Arewa take. Matan da ke magana da Hausar da ta fi kusa da tata suna nan a Dogon Dutsi da Matankari, kuma waya mai kyau da ɗaki marar hayaniya sun isa a naɗi muryarsu.