RA'AYINMU: Hunturu Ya Kama, Wa Zai Sanar da Ɗalibi?

Ga hunturu ya sake kamawa. Kamar yadda kowa ya sani, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta juye mana, har wata rana direba ba ya hangen abin da ke gabansa. A Ingila da Amurka, in dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi akan rufe jami'o'i, kuma kafin gari ya waye an sanar da kowa ta rediyo da saƙon waya. Mu a nan hazo bai cika rufe makaranta ba, amma yakan hana malami isowa, a ɗage lacca ko jarrabawa. To, ta wace hanya ɗalibi zai ji?

Ba dukan ɗalibai ke kwana cikin makaranta ba. Akwai mai tasowa daga Tsafe, akwai na Bunguɗu, akwai kuma ƙaramin ma'aikacin gwamnati wanda sai da ya roƙi izini a ofis. Irin wannan bawan Allah zai fito bayan sallar asuba, sanyi na kaɗa shi, ya biya kuɗin mota, ya iso Gusau, sa'an nan ya tarar da 'yar takarda manne a allon sanarwa wai an ɗage. Asarar kuɗi da lokaci ke nan, alhali kuwa ga hatsarin hanya cikin hazo, ga na 'yan bindiga. Wanda ya tuna yadda aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida cikin watan Satumba na 2023 ba zai ɗauki tafiyar banza da wasa ba.

Abubuwa biyu sun isa su zama mana darasi. A 2023 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ba da umurnin a rufe jami'o'i daga ran 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe. Labarin ya fito kusan mako biyu kafin ranar, saboda haka kowa ya sami sukunin shirya kayansa da kuɗin motarsa. A watan Satumba na 2021 kuwa, gwamnati ta katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, aka yi makonni ba kira ba saƙo. A wannan lokaci wanda ya dogara ga waya kaɗai ya zauna cikin duhu, mai akwatin rediyo ne ya san halin da ake ciki.

Don haka muna kira ga hukumomin manyan makarantunmu da su tsayar da ƙa'ida. Na farko, sanarwar rufewa ko ɗagewa ta fito daga baki ɗaya tak, watau ofishin magatakarda, da sa hannu da kwanan wata. Na biyu, ta fito tun da yamma, kafin mutum ya kwanta da niyyar sammako. Na uku, a aika da ita ta saƙon waya, a kuma karanta ta da Hausa da Turanci a Rediyon Zamfara, don iyaye ma su ji. Har ila yau, ya kamata a riƙa duba gargaɗin hazo da hukumar hasashen yanayi, NiMet, ke bayarwa kafin a sa jarrabawar sassafe.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. Da zarar wani ya jefa "an ce an rufe" a WhatsApp, sai ka ga an yi ta yaɗawa ba mai tambayar wa ya ce. Wanda ya gaskata ƙarya ya zauna gida, jarrabawa ta wuce shi, wa zai biya shi? Duk takardar da ba sa hannu, a tuntuɓi wakilin aji ko ofishin ƙungiyar ɗalibai kafin a tura wa wani.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Hakkin hukuma ne ta sa kunnen ya ji a kan kari. Allah ya kai mu ƙarshen hunturu lafiya, amin.