Mutanen Gungu Ma 'Yan Ƙasa Ne

'Yan'uwa, mu mazauna Kaduna mun saba da gada har mun daina ganinta. Mutum ya taso daga Kawo ko Unguwar Rimi, ya haye zuwa Kakuri ko Barnawa, ba ya ko leƙa ruwan da ke ƙarƙashinsa. Amma wannan kogi namu yana gangarawa ne har ya faɗa cikin kogin Neja, kuma a bakin Neja akwai dubban jama'a waɗanda ba su da wata hanya sai ruwa. Kasuwa, asibiti, makaranta, biki da jana'iza, duk sai sun shiga kwale-kwale.

A ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi akwai mutanen da ake kira Gungawa, wato mazauna gungu, tsibiran da ke tsakiyar kogi. Tun kaka da kakanni suna noma da su a kan waɗannan tsibirai. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da yawa, har da babban tsibirin Foge da tsohon garin Busa, aka tashi mutane wajen 44,000 daga gidajensu. Wutar lantarkin da Kainji ke bayarwa, da ita muka yi karatu, da ita masaƙun Kakuri suka yi aiki a zamaninsu. To, su da suka ba da ƙasarsu, wace hanya aka yi musu?

Amsar tana cikin labaran da muke ji. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, wajen 20 kawai aka ceto da rai. A watan Yuni na 2023, can ƙasa a yankin Patigi ta Jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga ɗaurin aure. Yawancin masu shiga irin waɗannan jirage mata ne 'yan kasuwa da yaransu.

Duk lokacin da haka ta faru, abin da muke ji shi ne laifin masu jirgi ne: sun yi lodi fiye da kima, sun yi tafiyar dare. Gaskiya ne, kuma ba mu wanke su ba. Amma a duba dalili. Inda jirgin katako ɗaya ne tak zai tashi ranar kasuwa, wace uwa ce za ta yarda a bar ta a gaɓa da kayanta? Ga kuma kututturan itatuwan da ruwan Kainji ya rufe, suna nan a ƙarƙashi suna jiran jirgi. Wannan ya fi ƙarfin mai fito, aikin hukuma ne.

Hukumomin kuwa akwai su. An kafa NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa a 1997, da hedkwata a Lokoja. Akwai hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki, mai hedkwata a Minna, wadda ta rarraba rigunan kariya a garuruwan bakin ruwa. A 2023 ma an kafa ma'aikata guda ta harkokin ruwa. Mun yaba. Sai dai riga tana ceton wanda ya riga ya faɗa ruwa ne, abin da ake bukata shi ne kada ya faɗa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Kuma a yi aikin har ƙarshe. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a watan Janairu na 2019 da babban biki, amma shekaru suka shige tana zaune ba aiki, domin ba a gyara hanyar motar da za ta kai gare ta ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin Kebbi, Neja da Kwara su ɗauki kogi kamar yadda suka ɗauki titi, su sa masa kuɗi a kasafin kowace shekara. A sayi jiragen fito na ƙarfe masu tashi a kan lokaci, musamman ranakun kasuwa. A gina tashoshi, a sa ma'aikaci mai ƙidaya fasinja. A cire kututtura, a kafa alamu a hanyar jirgi. A haɗa kowace tasha da titin mota.

Wani zai ce mutanen ba su da yawa, kuɗin kuwa da yawa. Muna tambaya: da aka bukaci gonakinsu, an ce sun yi kaɗan? Mu da muke birni, kusa da 'yan majalisa da gidajen jarida, mu ne ya kamata mu riƙa tuna musu wannan bashi, kada mu jira sai an sake jera gawarwaki a bakin ruwa. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji.