Gidan Fasto Ma Garke Ne



Idan za mu yabi fasto, abin da muka saba faɗa shi ne, "Baba ba ya hutawa." Shi ne a addu'ar asuba, shi ne a asibiti, shi ne a gidan makoki, shi ne wurin sulhunta miji da mata, shi ne kuma a ofishin 'yan sanda idan an kama ɗan wani. Muna faɗin haka da alfahari. Amma a duk waɗannan sa'o'i, wa ke zaune da 'ya'yansa? Ra'ayinmu shi ne, faston da ya ba ikilisiya da gari dukan ƙarfinsa, ya kai wa iyalinsa gajiya kaɗai, hidimarsa ba ta cika ba. Ikilisiyar da ta matsa masa har ya kai ga haka kuwa tana da hannu a ciki.

Da Manzo Bulus yake lissafa wa Timoti halayen mai kula da ikilisiya, ya sa riƙon gida a cikinsu. A 1 Timoti 3:4-5 ya nuna cewa gidan mutum shi ne wurin da ake gwada ko zai iya kiwon jama'ar Allah. Ya maimaita wa Titus wannan sharaɗi. Ashe ke nan lokacin da fasto ya ɗauka yana cin tuwo da matarsa, ko yana duba littafin makarantar ɗansa, ba satar lokacin Ubangiji ba ne. Yana cikin aikin da aka keɓe shi dominsa.

Mu tuna da Eli. Ya shugabanci Isra'ila shekara 40, amma 'ya'yansa Hofni da Finehas suka ƙazantar da hadaya, shi kuwa bai hana su ba, hukunci ya faɗa wa gidan duka. Sama'ila ma, wanda yakan zagaya Betel da Gilgal da Mizfa kowace shekara yana yi wa jama'a shari'a, 'ya'yansa sun karɓi cin hanci, har dattawa suka kafa hujja da wannan suka nemi a naɗa musu sarki. Abin da ya lalace a gidan bawan Allah ba ya tsayawa a bakin zaure, yakan shafi gari. Maƙwabtanmu, har da waɗanda ba su taɓa shiga majami'a ba, sukan ga zaman gidan fasto kafin su ji wa'azinsa.

Wani zai ce, ba Yesu ne ya kira mu mu fi ƙaunarsa a kan uwa da uba da 'ya'ya ba? Gaskiya ne. Hidima tana da tsada. Akwai masu bishara da ke zaune da iyalansu a ƙauyukan da babu asibiti, babu makarantar kirki, domin sunan Yesu. Akwai daren da za a ƙwanƙwasa ƙofa, dole fasto ya tashi. Amma Yesun nan ne a Markus 7 ya tsauta wa waɗanda ke hana iyayensu taimako da hujjar cewa sun riga sun keɓe wa Allah abin. Shi ne kuma, yana kan gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna. Sa Allah a gaba ba ya nufin watsar da waɗanda Allah ya ba mu amanarsu.

Tarihinmu yana da darasi a nan. An haifi Dokta Byang Kato a ƙasar Kwoi a 1936. Ya zama babban sakataren ECWA a 1967, daga baya a 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, yana zaune a Nairobi. A Disamba 1975 ya rasu a ruwan teku kusa da Mombasa, inda ya je hutu da iyalinsa, yana da shekara 39 kacal. Makarantun tauhidin da ya yi fatan gani sun tsaya bayan ransa: ta Bangui a 1977, ta Nairobi a 1983. Aikin bai mutu tare da shi ba, domin mai aikin yana da rai. Ikilisiya takan sami wani fasto, ofis yakan sami wani sakatare. 'Ya'ya kuwa uba ɗaya gare su, kuma babu wanda ya san yawan shekarun da aka ba shi tare da su.

To, ina mafita? Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune tun safe har yamma jama'a na tsaye kewaye da shi, ya gaya masa cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da su. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. A Ayyukan Manzanni 6, da gunaguni ya tashi kan rabon abincin gwauraye, an zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas da Filibus, domin manzanni su dage da addu'a da koyar da Magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ne zumuntar matasa take da aiki. Mu raba kanmu ƙungiya ƙungiya mu riƙa ziyarar marasa lafiya da tsofaffi. Mu ɗauki shirya majami'a, da kayan sauti, da koyarwa a makarantar Lahadi, ba sai an roƙe mu ba. Matsalar da dattijo ko shugaban matasa zai iya warwarewa, kada mu kai ta gidan fasto da ƙarfe goma na dare. Idan dattawa sun ba shi ranar hutu a mako, mu kiyaye masa ita kamar yadda muke kiyaye lokacin sujada. 'Ya'yansa kuma mu riƙe su a matsayin 'yan'uwa, mu daina auna su da mudun da ba mu auna kanmu da shi.

Ku kuma da kuke jin kira zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki, ku fara koyo tun yanzu. Wanda bai iya gaishe da mahaifiyarsa da safe ba, bai iya haƙuri da ƙanensa ba, takardar shaida ba za ta koya masa kiwon tumaki ba.

A wannan mako, kowannenmu ya zaɓi aiki ɗaya da zai sauke daga kan fastonsa, ya kuma ambaci matarsa da 'ya'yansa cikin addu'a, kowa da sunansa. Bari Babban Makiyayi ya kiyaye bayinsa da gidajensu. Amin.