Haddar sunayen adon harshe ba ita ce nazarin adabi ba

Akwai wani ra'ayi da ya zauna daram a makarantunmu, daga kwalejojin Tasawa har na Mayahi: wai ɗalibi ya san adabi muddin ya iya ɗaga yatsa ya ce wannan metafor ce, waccan iperbol ce. Mushe ya cika allo da jerin sunaye, yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawar BEPC ko BAC su amayar. Iyaye sun yarda da haka, masu gyaran takardu ma sun yarda. Ni kam ban yarda ba.

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki, sai ra'ayin nan ya sauya riga. Yanzu cewa ake yi a tsallaka Kano da Sakkwato a kwaso nasu jerin: kamantawa, siffantawa, jinsintarwa, kambamawa, alamtarwa. Kalmomin ba su da laifi, kuma aikin da irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau da Abdullahi Bayero Yahya suka yi a kan nazarin waƙa sai dai a jinjina musu. Amma su sauraro suka fara yi, shekara da shekaru, kafin su raɗa wa abin suna. Mu kuwa sunan muke son ɗura wa yaro, mu bar sauraron. Hadda ko da Hausa aka yi ta, sunanta hadda.

A ɗauki misali daga tsakar gida. Uwargida tana sussukar hatsi, kaza ta zo tana tsattsaga a gindin turmi, sai ta kore ta tana cewa: "Ke dai kin iya ci, ƙwai ne ba ki iya ba." Can gefe amarya ce zaune a kan tabarma, shekararta uku a gidan ba ta haihu ba. A ba ɗan lise wannan magana, zai rubuta cewa an yi wa dabba magana kamar mutum, wato mutuntarwa, ya kwashe makinsa cif. Alhali bai ga komai ba. Yarinyar da ke wanke-wanke a gidan, wadda ba ta taɓa taka lakwal ba, ta san habaici aka yi, ta san wa aka soka, ta kuma san dalilin da zai hana amarya tankawa: ba a ambaci sunanta ba, idan ta yi magana a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsakanin su biyun, wa ya nazarci maganar?

Bahaushe ya daɗe da rarraba hikimar bakinsa: habaici, zambo, gugar zana, baƙar magana, kirari, take. Abin da ya duba wajen rabon shi ne wa ya faɗa, wa aka nufa, gaban wa aka faɗa, me maganar ta yi wa mai ita. Jerin aji siffar jimla kawai yake dubawa. Shi ya sa idan ɗan kokowa ya shigo fili yana kirari, layu sun cika masa damtse, jerin zai ce kambamawa ce ya yi shiru, bai ce komai ba a kan yadda gwiwar abokin karawa ke sanyi tun ba a kama ba. Take kuwa, wanda ganga ke kiran mutum ɗaya tak da shi ya tsuma, ba shi ma da gurbi a jerin Faransanci. Haka zambon da makaɗan fada ke yi wa 'yan sarki masu jiran gado, wanda Narambaɗa ya shahara a kansa: wanda bai san rikicin gidan sarauta ba, ko ya ƙirga siffantawa ɗari bai ji waƙar ba. Tasawa kuma gari ne na sarauta, ba sai an yi wa mutanenta dogon bayani ba.

Za a ce jarrabawa na bukatar abin da za a auna. To, a auna fahimta mana. Wahalar gyara ce ake gudu, don duba sunan dabara ya fi duba hujja sauƙi.

Abin ya fi ciwo idan aka zo kan littafi. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, a kan ayarin Voulet da Chanoine na 1899, kuma kaburburan mutanen nan biyu suna Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. A ce yaron da kakanninsa suka ga wutar ayarin nan an miƙa masa littafin, tambayar da za a yi masa ita ce ya tsamo metafor uku!

Malaman adabi na Tasawa da Mayahi, kafin ku rubuta suna ko ɗaya a allo, ku aiki yara gida su kawo habaici biyar da kirari ɗaya, kowanne da bayanin wanda ya faɗa da wanda aka nufa. Sunayen su biyo baya.